Ɗan Harshen da Ya Sha Rubutu

Laraba, 13 ga Yuli 2022

Ta iso. Motar Yamai ta makara, na tsaya tasha tun hantsi har ƙafafuna suka kumbura, ga shi ranar kasuwa, 'yan kabu-kabu sai ture ni suke. Ta rame. Maigida ya ce ba rama ba ce, tsawo ta ƙara. Mace mai shekara ashirin da takwas tana ƙara tsawo?

Ita ce ta farina, don haka ba na kama sunanta, ko a nan cikin littafin da ba mai buɗewa sai ni. Yarinyar zan riƙa cewa. Shekara huɗu ke nan tana Turai wajen karatun da ya ƙi ƙarewa. Saboda ita na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, don na gaji da kai wa mutane talho su karanta min saƙon ɗiyata suna ƙara masa gishiri.

Da wani baƙin akwati ta zo, ta rungume shi kamar jinjiri. Jakar tufafinta ta bari aka ɗaure a bayan babur, akwatin kuwa a cinya. Na miƙa hannu in karɓa, ta ce, "Inna, wanga banda shi." Ko gaisuwa ba mu gama ba.

Juma'a, 15 ga Yuli

Bayan masallaci ta zaunar da mu ta yi bayani. Na rubuta don kada in manta, don a kan wannan komai ya rataya.

Abin cikin akwatin ita ta zana shi da kanta. Aikinsa ya ɗanɗana ruwa ya faɗi ko akwai dafin ƙwayar amai da gudawa a ciki, tun kafin wani ya sha ya kwanta. A can ya yi aiki, cikin ɗaki mai sanyi da ruwansu na Turawa. Yanzu malamarta, wadda take kira Madam, ta turo ta ta gwada shi a zafinmu da ruwanmu. In ya yi, Madam za ta sa hannu, ƙarshen shekara ta dawo ƙasa gaba ɗaya ta ci gaba da aikin a nan kusa. In bai yi ba, ta koma ta sake zane. Na tambaya wata nawa. Ta ce shekara, ko fiye.

Ba zan iya wata shekarar ba. Na faɗa mata. Hawan jinina ya san da haka, likitan dispansar ma ya sani.

Da ta ce amai da gudawa ba ta dube ni ba. Ƙanenta ta tuna, wanda cutar ta kashe muka binne a Dogarawa yana ɗan shekara biyu. Ba ta ambace shi ba, ni ma haka. Maigida ya tashi ya ce bari ya duba tumaki, alhali tumaki suna gabansa.

Asabar, 16 ga Yuli

Na gan shi.

Cikin akwatin akwai wani akwati, cikin wancan akwai wani, sai ka ce kayan lefe. Can ƙarshe sai ga ɗan falle bai kai farcen jariri ba. Na ce shi ke nan? Shekara huɗu? Ta ɗora shi ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma ta ce in rufe ido ɗaya. A bakin fallen akwai ɗan harshe siriri, gindinsa a manne, kansa a sake. Gashin ido ya fi shi kauri nesa. Guda uku ta zo da su, ta ce ba a samun wani sai can, kuma kowanne watanni ake yi ana ƙera shi.

In an ba shi kuran, wato lantarki, sai ya kama makyarkyata, da saurin da ido ba ya gani. An shafa masa wani abu da ba ya kama komai sai dafin ƙwayar. In ya kama sai ya yi nauyi, makyarkyatar ta ragu. A kwamfuta akwai koren layi mai ɗan tudu a tsakiya. In tudun ya matsa hagu, akwai cuta.

Wahalar, in ji ta, ruwa ne. A iska harshen yana rawarsa yadda ya so, cikin ruwa kuwa ruwan yana riƙe shi. Don ta nuna min, sai ta ɗauki faifaina, sabon nan na Tajaye mai jan baki, ta tsoma cikin baho. Ta ce in kaɗa shi da faɗinsa. Da ƙyar. Ta ce in juya shi in yanka ruwan da gefensa. Sai ya wuce sul. Ta ce to nata harshen haka ta zana shi, yana rawa gefe da gefe yana yanka ruwa, ba ya fafatawa da shi. Wannan ne duk karatun.

Na gane, wallahi na gane. Amma da ta tambaye ni da na ba ta tsohon faifai.

Maigida ya leƙa ya ce rediyo ce da ba ta magana. Ni dai tausayi abin ya ba ni. Ɗan mitsitsi, an kawo shi ƙasar da bai san kowa ba, yana ta ɓari cikin ruwa.

Litinin, 18 ga Yuli

An hana daka a gidana.

Na sa turmi da safe, ban yi nisa ba ta fito da gudu ta ce koren layin yana tsalle. Wai kowace taɓarya yana jin ta ta ƙasa. Ta sa aka kawo tiyub ɗin babur ta hura shi kaɗan ta ɗora faranti a kai, ta ɗora na'urar. Duk da haka ta ce a daina. Na kai hatsi inji. Furar inji ba fura ba ce, kowa ya sani.

Da la'asar kuma turmin Hajiya Takama na bayan katanga. Yarinyar ta ce, "Inna, ko za ki roƙe ta?" Ni in je in ce wa Takama kada ta yi daka a gidan mijinta. Na je. Na ce ɗan aiki ne na 'yan kwanaki. Ta ce ba komai, Allah ya ba da lafiya. Na ce ai ba mai ciwo. Ta ce ai ta sani, Allah dai ya ba da lafiya.

Alhamis, 21 ga Yuli

Unguwa duk ta ɗauka cewa Yarinyar ta dawo da iskokin Turai waɗanda ba su son ƙarar turmi. Wajen pampo aka faɗa min, cikin tausayi. Wata har ta ba ni sunan mai magani a Illela. Takama ta rantse ba ita ba ce. Ɗanta Shafi'u yana aikin duwan, wato kwastan, nan cikin gari, kowace Juma'a yana cin tuwo a gidanta, shi ya sa take da lokacin lura da 'ya'yan mutane.

Gwajin farko ya yi kyau, in ji Yarinyar. Tudu yana tsaye inda ya kamata. Amma tana cewa "ya yi kyau" tana cizon leɓe. Na san wannan leɓen tun tana 'yar lakwal, wato firamare.

Lahadi, 24 ga Yuli

Na je wajen Malam Maikano na karɓo rubutu, kamar yadda na yi mata a kowace jarrabawa tun ta firamare. Ta karɓa da hannu biyu ta yi bisimilla ta sha. Ba ta taɓa yi min gardama kan wannan ba, Allah ya yi mata albarka.

Sai dai tun da na dawo wani tunani ya hana ni sakat. Wannan karon ba ita za a yi wa jarrabawa ba. Ita ta riga ta yi nata. Ɗan harshen ne zai shiga ruwa, shi za a tambaya, shi zai amsa. Kuma shi ba wanda ya yi masa komai.

Talata, 26 ga Yuli

Na yi wani abu. Ƙarami ne.

Akwai kwalba mai duhu, kalar ƙasa, kusa da na'urar. Ruwan gishiri ne mai tsabta da ta zo da shi, da shi take sirka duk ruwan da za ta gwada, daga nan ya bi ɗan siririn tiyo zuwa wajen harshen. Wato kwanon shansa ke nan. Na lura da kyau, ban yi da ka ba.

Ta shiga wanka. Na wanke hannu har gwiwar hannu, na tace rubutun da farin ƙyalle sabo, na yi bisimilla na ɗiga masa. Ɗigo kaɗan, daidai cikinsa. Sai na ga kamar na yi rowa, na ƙara. Harshen kansa ban taɓa ba, ita kuma harshen ta ce kada a taɓa, ba ta ce komai kan kwalba ba. Ruwa ne cikin ruwa.

Yau na ci abinci da daɗi.

Laraba, 27 ga Yuli

Ta gwada ruwan randarmu. Tudu ya matsa hagu.

Ta fito fuskarta ba jini. Ta ƙwace moɗa daga hannun babanta yana kai wa baki. Ta zubar da randa biyu, ta zubar da furar da na dama, ta sa aka hura wuta aka tafasa duk ruwan gidan. Ta tambayi kowa ko cikinsa ya motsa. Maigida ya ce nasa ya motsa yanzu da ta tambaya. Ga shi zaune cikin zafin nan yana hura ruwan zafi a moɗa kamar mai jego.

Ni ma na tsorata. Da farko ban haɗa ba. Na ce ashe rubutun ya buɗe masa ido, ya ga abin da da bai gani ba. Har na ji wani ɗan alfahari, Allah ya yafe min.

Takama ta leƙo ta katanga ta ga hayaƙi da tukwane, ta ce wanka ake yi wa iskokin?

Juma'a, 29 ga Yuli

Ba cuta a randarmu. Ta gwada ruwan kwalbar shi kaɗai, wanda ba kowa a cikinsa, tudu ya sake matsawa. Ta ce to harshen ne ya lalace. Ta cire shi ta sa na biyu. Ta ba shi ruwa daga kwalbar nan dai.

Ina tsaye bakin ƙofa da tsintsiya. Na buɗe baki. Na rufe.

Na biyun ma ya matsa hagu, a hankali, kamar mai jin barci. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, ba da ni take ba, in biyu sun yi haka to ba su ba ne, zanen ne. Zafi ya sa abin da aka shafa musu yana kama duk abin da ya gani. Ta ce shekara huɗu ta yi tana gina abin da ba ya aiki a inda ake buƙatarsa.

Ba ta ci tuwo ba. Miyar kuka da man shanu, wadda take roƙona a talho.

Asabar, 30 ga Yuli

Ɗigo kaɗan ne fa. Kuma na tace.

Lahadi, 31 ga Yuli

Na koma wajen Malam Maikano. Na ce wata mata ce ta aiko ni da tambaya, wai rubutu yana iya yi wa ƙarfe illa? Ya ce wane irin ƙarfe? Na ce ƙarami. Ya ce ƙarfen ne ya sha? Na ce an dai ba shi.

Ya ajiye alƙalami ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce shi tun da yake ya ba mutane, ya ba jarirai, an taɓa karɓa wa saniya mai naƙuda, amma ƙarfe bai taɓa ji ba. Ya ce ayar ba ta cutar da komai, amma tawada tawada ce, in ta zuba a farar riga sai an wanke. Sannan ya ce, "Ki ce wa matar ta tahi ta gaya wa ɗiyarta." Ban ce masa matar tana da ɗiya ba.

Gobe da safe za ta sa na uku. Na ƙarshe. Ta ce in shi ma ya yi haka za ta rubuta wa Madam ta ce zanen ya faɗi, ta tattara.

In na yi shiru, na ukun zai sha abin da 'yan'uwansa suka sha. In na yi magana, da wane ido?

Litinin, 1 ga Agusta

Na faɗa.

Ta sa safar hannu, ta ɗauko ɗan hantsakinta, ta buɗe akwatin ƙarshe. Hannunta ya nufi kwalbar. Na ce ta dakata. Na so in fara daga nesa, daga jarrabawar firamare, amma bakina ya yanke hanya. Na ce na ba shi rubutu.

Ta ce, "Wa?"

Na nuna da haɓa.

Ta mayar da harshen cikin akwatinsa a hankali, ta rufe, ta ajiye hantsaki. Ta ɗaga kwalbar ta fita da ita tsakar gida, ta zuba kaɗan a farin kofi ta duba a rana. Ga ɗan duhu-duhu, kamar ruwan da aka wanke allo. To ai shi ne.

"Inna, da mi Malam ke haɗa tawadarshi?"

Na ce da abin da kowa ke haɗawa, baƙin tukunya da ƙaro.

"Ƙaro," ta ce. Ta sake cewa, "Ƙaro." Sai ta zauna daɓas a ƙasa da safar hannunta da komai. Kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne, na matsa, ashe dariya ce, na ja baya, ashe kuma kukan ne. Ta ce ƙaro danƙo ne, ya manne wa harshen ya yi masa nauyi, ya kuma sa ruwan ya yi kauri. Ko wane harshe aka ba haka sai ya matsa hagu. Ta ce, "Ashe ba zanena ba ne." Ta faɗa tana dafe ƙirji.

Na ji sanyi. Na ce to alhamdu lillahi, sai a wanke su. Nan ta ɗago ta dube ni. Ta ce ba su wankuwa. Abin da aka shafa musu ya tafi, biyun sun mutu.

"Na ce miki banda shi, Inna."

Na ce harshen ta ce, ba kwalba ba. Bai kamata in faɗi wannan ba.

Maigida ya ji komai daga rumfa. Abin da ya tambaya kawai, ko yanzu zai iya shan ruwan sanyi.

Laraba, 3 ga Agusta

Ta sayo kwaɗo ta sa wa ƙofar ɗakin. Ɗakina ne fa, ni na ba ta aro. Mabuɗin yana wuyanta. Tana gaishe ni da safe a durƙushe yadda aka koya mata, tana tambayar kwanan jikina, daga nan shiru. Da ta yi min faɗa da ya fi sauƙi, amma ba ta tashi a gidan da ake yi wa uwa faɗa ba. Ni na hana ta, yanzu ni ke sha.

Ta haɗa sabon ruwan gishiri daga garin da ta zo da shi, ta canja tiyo. Rubutunta kuwa ta karɓa yau ma ta sha. Ta miƙo min kofin ta ce, "Wanga nawa ne. Ni kaɗai."

Asabar, 6 ga Agusta

Na ukun ya yi aiki. Ruwan randa, tudu bai motsa ba. Ruwan pampo, bai motsa ba. Ta ɗiga wani abin gwaji da ta zo da shi, mai kama da dafin amma ba ya cutarwa, tudu ya matsa hagu tsaf. Cikin zafin azahar, kuran ya ɗauke, a kan batir.

Ta kira Madam ta kwamfuta ta nuna mata. Na zata zan ga wata babbar mace mai gilashi, sai ga 'yar tsohuwa da gashi kamar audugar da akuya ta tattaka. Suna ta Faransanci. Na ji an ce gom arabik, wannan na sani, ƙaro ne, ana lodinsa a tasha. Madam ta cire tabarau tana share ido. Ta ce a nuna mata ni. Na gyara kallabi na ce bonjur. Ta yi wata doguwar magana. Yarinyar ta ce wai tana gaishe ni. Maganar ta fi gaisuwa tsawo, amma ban matsa ba.

Alhamis, 11 ga Agusta

Shekara guda za ta ƙara a can.

Madam ta ce zanen yana da kyau, ya jure zafi. Amma harshe ɗaya ba ya isa a zagaya rijiyoyin Dogarawa da Tajaye da Malbaza kamar yadda aka tsara, ana gwada kaɗan yake gajiya. Kuma ta ce abin da ƙaro ya yi, ruwan rijiya mai yauƙi da laka ma zai iya yi wata rana, a rufe wa gari rijiya a banza. Don haka sai an yi wa harshen ɗan'uwa. Tagwaye, gefe da gefe, ɗaya an shafa masa abin kama dafi, ɗaya ba a shafa ba. In duka biyu sun yi nauyi, datti ne. In ɗaya ne kawai, cuta ce. Yarinyar ta ce tun can ta san za a zo ga wannan, amma ta so ta yi shi a nan gida bayan an sa hannu. Yanzu sai an yi kafin.

Na tambaye ta, da ban ɗiga ba fa? Ta ce wataƙila da an sa hannu. Ba ta iya ƙarya ba, wannan ma ni na koya mata.

Na shiga madafa na yanka albasa da yawa, fiye da abin da miyar ke so.

Juma'a, 19 ga Agusta

Mun je Dogarawa. Tana son a riƙa ɗebo mata ruwan rijiyoyi bayan ta tafi, na ƙarshen damina da na kaka, a daskarar a firigo, wato firiji, a aika Yamai wajen wata abokiyar aikinta mai zuwa Turai. Na ɗauka babanta za ta ba aikin. Ta ce Baba zai aiki wani, wanin ya aiki wani. Ta ce tana son wanda ya san abin da ɗigo ɗaya ke yi.

Ban san ko yabo ba ne. Na karɓa.

Ta koya min. Safar hannu. Kada yatsa ya taɓa bakin butali, wato kwalbar ɗiban ruwan, kada ya taɓa cikin marfi. Kada a yi magana a kansa yana buɗe. Kada a cika. A rubuta sunan rijiya da rana a jiki. Na ce bisimilla fa? Ta ce a zuci, ko kuma in juya kai gefe. Matan bakin rijiya sun taru suna kallon tsohuwa da farar safa tana kawar da kai tana bisimilla. Wata ta ce Hajiya likita ta zama? Na ce ta matsa, inuwarta tana faɗa min cikin butali.

Tsohuwar rijiyar bayan masallaci tana nan. Daga ita muka sha a shekarar da muka binne ƙanenta. Yarinyar ta ce in bari ita ta ɗebi wannan. Na ce a'a. Na ɗiba da kaina, ban taɓa bakin butalin ba.

A mota ta kwantar da kai a kafaɗata ta yi barci, mabuɗin yana lilo a wuyanta.

Lahadi, 28 ga Agusta

Ta tafi. Ta bar min kwaɗo da mabuɗi, wai kayan ɗiban ruwa suna ciki. Cikin jakarta na ga ƙulli, na buɗe, ƙaro ne, mai kyau, ja. Ta ce da shi za ta jarraba tagwayen, in sun gane ƙaro ba cuta ba ne sun ci. Da ta gaya min da na zaɓo mata wanda ya fi wannan.

Na koma daka. Ba daɗi kamar yadda na zata.

Laraba, 14 ga Satumba

Ta aiko hoton zanen tagwayen. Na karanta saƙon da kaina har ƙarshe. Ɗaya ya fi ɗaya kusa da gefe, na gaya mata. Ta ce haka aka so.

Laraba, 5 ga Oktoba

Na haɗa kwalin farko. Butali na Dogarawa, na Tajaye, na Malbaza, kowanne da sunansa, cikin ƙanƙara.

Takama ta shigo tana kallo. Ta ce tun da tafiyar nesa za su yi, in ɗan turara kwalin, ko in ɗiga musu zamzam ɗin da Shafi'u ya kawo mata, don albarka. Na ce ta ja baya da hannunta. Na ce wannan ruwan tambaya za a yi masa, dole ya je yadda Allah ya yi shi. Ta ce to yaushe mai iskokin za ta dawo, ba cewa na yi ba zan kai wata shekara ba? Na ce in ta gama. Na ce abin da za a rufe wa gari rijiya da shi ba a yinsa da gaggawa. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Zafi ne, ina jin.

A tasha mai karɓar saƙo ya ce sai an rubuta sunan mai kaya cikakke a bayan kwali, nata da na ubanta. Ya miƙa hannu zai rubuta min. Hannunsa duk man mota. Na ce ya bari.

Ummul-Khairi Labo.

Duka biyu a layi ɗaya, ni da ban taɓa kama ko ɗaya ba. Rubutawa ai ba faɗi ba ne. Na duba ba kowa kusa. Ya yi kyau a ido, sunan. Dogo ne, yana da ɗan tudu a tsakiya.

Na biya wajen Malam Maikano na karɓo na wannan makon. Ya tambaya na wa, na mutum ko na ƙarfe? Na ce nata ne, da na tagwayen. Na zo gida na zauna na shanye duka da kaina.